Wakilta Aiki a Gona da Ƙungiyar Manoma: Abin da Za Ka Miƙa da Abin da Za Ka Riƙe

Wakilta aiki shi ne ka ɗora wa wani aikin da yake naka, ka ba shi ikon da zai yi shi, amma alhakin sakamakon ya ci gaba da zama a wuyanka. Ya bambanta da aike. Wanda ka aika yana yin abin da ka faɗa ne kawai, shi kuwa wakili yana yanke shawara a cikin iyakar da ka shata masa.

Me ya sa kake bukatarsa?

Daminar Dutsin-Ma da Kurfi gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba. A 'yan makonni kaɗan noman firi da zuba taki da feshi suke haɗuwa. In kana da gonar gero da dawa a tudu, ga kuma fadama ko noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, to taura biyu ba ta taunuwa. Ciyawa ba ta jiran ka dawo daga kasuwa.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarkin Katsina yana da Yandaka a Dutsin-Ma da Maraɗi a Kurfi, su kuma suna da masu garuruwa da masu unguwanni, kowa da iyakarsa. Haka tsarin gandu: maigida ya raba wa 'ya'ya da ƙanne aiki, ya kuma ba kowa gayaunarsa, inda yaro ke koyon yanke shawara da kansa.

Abin da za ka miƙa, da wanda za ka riƙe

Ka miƙa aikin da ake iya aunawa da ido: sharar gona, huɗa, noma, ban ruwa, kiwo, sussuka, ɗaukar kaya zuwa gida. Ka riƙe zaɓen iri, cin bashi, yanke farashin amfani, da mabuɗin rumbu ko sito. Akwai na tsakiya, irin su feshi da zuba taki. Waɗannan ba a sakar wa mutum su sai ya yi a gabanka ka gani.

Abubuwa huɗu da za ka faɗa kafin a fara

1. Aikin da ma'auninsa. "Je ka zuba taki" ba bayani ba ne. Ka ce: buhu kaza na yuriya, a gona kaza, murfin kwalba ɗaya ga kowane gindi, nesa kaɗan da tushen shuka, a rufe da ƙasa. Yuriyar da aka bari a fili tana bin iska, kuɗinka kenan ya tafi.

2. Lokaci. Ranar farawa da ranar gamawa, ba "in an samu dama" ba.

3. Iyakar iko. Zai iya ɗaukar 'yan ƙwadago nawa? Zai kashe nawa ba tare da ya kira ka ba? Me zai yi in injin ban ruwa ya tsaya?

4. Lada. Kuɗin yini ne ko jinga? A gama magana a gaban shaida. Jinga na sa sauri, amma tana sa a tsallake ciyawa, saboda haka a duba kunya-kunya kafin a biya. Kuɗin yini kuwa yana bukatar mai tsayawa a kai.

In ka gama, ka ce ya maimaita maka da bakinsa. Yaro zai ce "to" don kunya ko bai gane ba.

Feshi: inda kuskure ya fi tsada

Wanda zai yi feshi ya san wane magani ne, da awon da aka rubuta a jikin kwalba, da yawan litar da famfonsa yake ɗauka, domin na lita 16 da na lita 20 ba awo ɗaya suke ci ba. Famfon da aka yi maganin ciyawa da shi, in ba a wanke sosai ba, zai ƙona wake ko tumatir. Ka ba shi takunkumi da safar hannu. Kada a ba ƙananan yara wannan aiki.

Dubawa ba zargi ba ne

Tun farko ka sanar da ranar da za ka zo. Ka duba da wuri, bayan kunya goma na farko, lokacin da gyara bai da tsada. In ka ga kuskure, ka ja wakilinka gefe. Idan kana warware umarninsa a gaban 'yan ƙwadago, gobe ba mai jin maganarsa. Kada kuma ka naɗa mutum biyu a kan aiki ɗaya, kowa zai ce ɗayan ne. Ka biya hakki a ranar da ka yi alkawari. Wanda aka ja wa rai bana, baɗi gonar wani zai fara zuwa.

A ƙungiyar manoma

Yawancin rikicin ƙungiya daga nan yake tasowa: shugaba shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai sayen taki, shi ne mai rabawa. Ko mai gaskiya ne, zargi zai same shi. Ku raba: ma'aji ya riƙe kuɗi, sakatare ya rubuta, mai sito ya ƙirga buhuna, wani daban ya je wurin malaman gona na KTARDA ya kawo bayani. Asusun banki kada ya fita da sa hannun mutum ɗaya. Mai sayo kaya kada ya zama shi ne mai ƙirga su. Kowane wata a karanta lissafi a gaban mambobi, har da mata masu adashi da sarrafa gyaɗa.

Maganar tsaro

Wasu gonakin yankin nan sun yi wuyar zuwa saboda 'yan bindiga. Inda kai kake tsoron taka ƙafa, kada ka tura ɗan wani. Ku tsayar da lokacin tashi daga gona, a tafi a ƙungiya, kuma wakilinka ya san yana da ikon dakatar da aiki nan take ba sai ya nemi izininka ba.

Ta ina za ka fara?

Ka zaɓi aiki ɗaya a wannan makon, ƙarami, wanda in an ɓata ba zai kayar da kai ba. Ka ba wanda ka ga yana da himma. In ya riƙe amana, ka ƙara masa gona guda, sannan kuɗin 'yan ƙwadago. Da haka ake samun wanda zai tsaya wa gona ranar da ciwo ko tafiya ta hana ka fita.