Dabinon teku: Yadda abincin da ke raya shi kan zame guba ga mai cinsa

A Madina, idan aka ce dabino, hankali yakan koma kan ajwa. Amma Larabawa na da wani da suke kira balahul bahar, wato dabinon teku. Wata halitta ce mai tsoka a cikin ɓawo biyu masu buɗewa kamar littafi, 'yar uwar makankarin da ake samu a kogunan ƙasar Hausa. Wanda ake sayarwa a daskare a manyan kantunan Saudiyya daga ƙetare ake shigo da shi, kuma galibinsa na kiwo ne.

Yadda yake ci da girma

Dabinon teku ba ya yawon neman abinci. Yakan manne da dutse ko igiya da wasu zarurruka da jikinsa ke fitarwa, ya riƙa zuƙar ruwa yana tacewa, yana riƙe ƙananan nau'o'in gansakuka da ido ba ya iya gani. Babba ɗaya na iya tace gomman litoci na ruwa a rana.

Wannan ne ya sa kiwonsa yake da sauƙin kuɗi, domin mai gona ba ya sayen abinci kamar yadda mai kiwon tarwaɗa yake yi. A yankin Galisiya na Sifaniya, inda aka fi ko'ina kiwonsa a Turai, akan rataya igiyoyi daga katakai masu iyo fiye da 3,000, kuma yakan isa girbi cikin kusan wata 18. A ruwa mai tsananin sanyi yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. A Faransa kuwa a jikin turaku ake naɗa igiyoyin. Sin da Chile da New Zealand na cikin manyan masu samar da shi a duniya.

Me ya sa Bahar Maliya ba ta yi fice a kiwonsa ba?

Lardin Madina na da gaɓar teku a Yanbu, sai dai Bahar Maliya ruwa ne mai ɗumi da yawan gishiri, kuma babu wani babban kogi da ke kwarara cikinta yana kawo taki. Saboda haka gansakukar da ke cikinta ba ta da yawa. Kiwon ruwa a Saudiyya ya fi karkata ga jatan lande da kifi, musamman a Al-Lith da ke kudu da Jidda.

Daga ina gubar take fitowa?

Daga cikin dubban nau'o'in gansakukar teku, kaɗan ne ke da guba. Idan yanayi ya yi musu daɗi sukan hayayyafa cikin 'yan kwanaki, wani lokacin har ruwa ya yi ja. Dabinon teku yakan tace su tare da sauran abincinsa, gubar ta taru a cikinsa, shi kuwa galibi ba ta kashe shi.

Iri uku aka fi sani. Na farko shi ne sakzitoksin, mai shanye jiki. Yakan fara da ƙaiƙayi da mutuwar leɓe da harshe, sau da yawa cikin rabin sa'a, kuma yana iya tsayar da numfashi. A 1793 ya kashe ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin Kyaftin George Vancouver a gaɓar yammacin Kanada, bayan ya ci dabinon teku a wurin da har yau ake kira Poison Cove. A 1927 mutum shida suka mutu a kewayen San Francisco a Amurka, kuma binciken da ya biyo baya ne ya danganta cutar da gansakuka.

Na biyu sinadarin okadaik ne, mai haddasa gudawa da amai, wanda masu bincike a Japan suka bayyana cutarsa a shekarun 1970.

Na uku shi ne sinadarin domoik, mai taɓa ƙwaƙwalwa. A ƙarshen 1987, fiye da mutum 100 suka kwanta rashin lafiya a Kanada bayan cin dabinon teku na kiwo daga tsibirin Prince Edward. Aƙalla uku suka rasu, wasu kuma suka rasa ikon tuna abin da ya faru da su ɗazu, matsalar da ta zame musu ta dindindin.

Dafuwa na kashe gubar?

A'a. Tafasa da suya da daskarewa duk ba sa lalata ta, kuma ba a gane ta da wari ko ɗanɗano ko launi. Babu makarinta. Wanda ta shanye masa jiki na'urar taimaka wa numfashi ake sa masa har jikinsa ya fitar da ita.

Abin da ke kare mai ci shi ne gwaji kafin girbi. Dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da naman da sinadarin domoik ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya, ko sakzitoksin ya wuce maikurogiram 800. Idan aka haura haka sai a rufe gonar, a bar dabinon cikin ruwa har ya tsarkake kansa, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. A 2016 irin wannan rufewa ta jefa dubban masunta a tsibirin Chiloé na Chile cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, har suka tare hanyoyi suna zanga-zanga.

Me ya shafi wanda ba ya cin sa?

Ruwan sha. Madina na dogaro ƙwarai da ruwan teku da ake tace gishirinsa a Yanbu a turo ta bututu. Tsakanin 2008 da 2009, jan ruwan da ya mamaye gaɓar Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya toshe matatai, ya tilasta dakatar da wasu tashoshin tace ruwa na ɗan lokaci. Tun daga nan sa ido kan gansakuka ya zama babban aiki ga ƙasashen yankin.

Ga mai saye kuwa, ƙa'idar ita ce ya zaɓi wanda ke cikin kunshi mai ɗauke da sunan ƙasar da aka girbe shi da kwanan wata, ya guji wanda aka tsinto a bakin teku. Wanda ya ji leɓensa ya mutu bayan ya ci, ya garzaya asibiti nan take.