Shari'ar Safiya da Amina: tun ba mu buɗe littafi ba mun yanke masa hukunci

Jama'ar Fachi, na gida da na tafiya.

Manya daga cikinmu ba su manta shekarun 2001 zuwa 2003 ba, lokacin da in aka kunna rediyo, sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus, sai an ji sunan Safiya Husaini ko Amina Lawal. An rubuta littattafai kan shari'o'in nan biyu. Mun lura cewa da zarar an ambaci irin wannan littafi, ba a tambayar abin da ke ciki. Tambaya ta farko ita ce: wa ya rubuta? In an ce Bature ne, shi ke nan, maƙiyin Musulunci. In an ce lauya ce da ta tsaya wa matar, sai a ce ai kuɗin waje ta ci. A can Turai kuma akwai masu jiran littafin ya tabbatar musu cewa kotun Musulunci ba ta san adalci ba.

Bari mu tuna abin da ya faru. A watan Oktoba na 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa, a jihar Sakkwato, ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa, don ta yi ciki bayan aurenta ya mutu. Ranar 25 ga Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta. Cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya auku tun dokar ba ta fara aiki ba. A watan nan dai na Maris kotun Bakori, a jihar Katsina, ta yanke wa Amina Lawal ta Kurami irin wannan hukunci. Kotun Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta. Sai ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta rushe shi, alƙalai 4 suka goyi baya, 1 ya saɓa. Sun ce tana da damar janye iƙirarinta, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda mu ma ita muke bi, ciki yana iya kwantawa har shekara 5, don haka ana iya jingina ɗiyar ga tsohon mijinta.

Ku riƙe wannan da kyau: alƙalan shari'a ne suka yanke hukuncin farko, alƙalan shari'a ne kuma suka warware shi, da hujjojin fiƙihu. Da wannan ma'aunin za mu auna kowane littafi. Wanda ya ce surutun ƙasashen waje kaɗai ya ceci matan nan, ya ɓoye rabin labari. Wanda ya ce kotunan farko ba su yi kuskure ba, ya ɓoye ɗaya rabin. Hasali ma a 2003 ƙungiyar Baobab, mai kare haƙƙin mata a Najeriya, ta roƙi mutanen waje su daina yaɗa takardun koke masu kurakurai, don suna iya ɓata wa Amina shari'a.

Littattafan kuwa kowanne da inda ya tsaya. Littafin Safiya, wanda ya fito da Turanci a 2004, ɗan jaridar Italiya Raffaele Masto ne ya tsara shi da muryarta. Maganar da aka yi da Hausa ta bi ta bakin tafinta, aka shirya ta don masu karatu na Turai. Dole mu tambaya me ya zube a hanya. Hauwa Ibrahim, ɗaya daga cikin lauyoyin Amina, ta fitar da nata a 2012. Ta san cikin kotun, amma lauya ɓangare ne, ba alƙali ba. Sarah Eltantawi ta fitar da nata binciken a Amurka a 2017, kan shari'ar Amina. Sai kuma Philip Ostien, wanda ya koyar da shari'a a Jami'ar Jos: a 2007 ya tattara takardu juzu'i 5, na biyar ɗin yana ɗauke da bayanan zaman kotun shari'o'in biyu, an fassara su daga Hausa. Nan ne mutum zai ga abin da alƙali ya faɗa da bakinsa, ya gwada da abin da marubuci ya ce ya faɗa.

Me ya haɗa mu da wannan, mu da ke tsakiyar Tenere? Mu ma an rubuta mu. Peter Fuchs ya zauna a garin nan, ya buga littattafai a 1983 da 1989 kan gishirinmu, dabinonmu da ayarin raƙuma, da harshen da yawancinmu ba ma karantawa. Mun san yadda ake ji in labarinka ya fita ta bakin wani. Yanzu kuma ga WhatsApp: a yanko shafi ɗaya, a sa murya a kai, kafin la'asar an gama tsine wa marubuci ko an gama tsine wa alƙali, alhali mutuncin mata biyu ne ake ja da shi.

Don haka in irin wannan littafi ya iso hannunmu, mu yi masa abin da muke so alƙali ya yi mana. Mu san wane ne marubucin da wa yake yi wa magana, wannan daidai ne. Amma kada mu tsaya nan. Mu duba ko ya kawo hukuncin kotun gaba ɗaya, ko ya ji daga ɓangaren da ba ya so, ko ya bambance abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Wanda ya taɓa karanta ɗaya daga cikin littattafan nan, muna roƙo ya gaya mana abin da ya tarar a ciki. Allah Ya sa mu dace.