Bas Mai Bene da Ya Ƙi Rufi

A Landan ta tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya hau saman bas ba kallon gari ya kai shi ba, ƙasa ce ta cika. Dawakai ke jan motar, fasinjojin sama suna zaune baya da baya a kan dogon benci, ruwa da iska na dukansu. Cincirindon baƙin da suka zo babban baje kolin 1851 ya ƙara yawan irin waɗannan motoci a tituna.

Ko da inji ya kori doki, saman bai sami rufi ba. Bas ƙirar B-type ta 1910 a buɗe take, kuma hukumar 'yan sandan birnin ta daɗe tana hana rufe bene don tsoron kada nauyi ya kifar da mota. Sai a 1925 aka sassauta, fasinjoji suka huta da jiƙewa.

A 1951, lokacin bikin Festival of Britain, hukumar London Transport ta fara zagaya gari da baƙi. Daga baya masu harkar suka lura cewa baƙo ya fi son sararin da fasinjan yau da kullum ya gudu daga gare shi. Ta taga ba a ganin ƙololuwar hasumiyar Big Ben ko ƙubbar cocin St Paul, amma daga bene marar rufi komai a fili yake, ga damar ɗaukar hoto. Aka riƙa yanke rufin tsofaffin motoci, har da ƙirar Routemaster, ana mayar da su bakin aiki.

Kamfanin Big Bus ya fara a 1991 da motoci uku kacal. City Sightseeing, mai jajayen motoci, ya tashi a birnin Seville na Sifaniya a 1999. Abin da ya bunƙasa kasuwar shi ne tikitin awa 24 ko 48: ka sauka inda ka ga dama, ka hau ta gaba.

An yi rashi ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne. A motoci da yawa muryar da aka naɗa cikin harsuna daban-daban ta maye gurbin ɗan jagora, wanda ya san unguwa, yake amsa tambaya. Duk da haka kasuwar ta yi nisa da Landan: a Cape Town ta Afirka ta Kudu, jar motar City Sightseeing kan sauke baƙi a gindin Dutsen Table, sannan ta gangara gaɓar teku ta Camps Bay.