Rabaran Schön: Limamin Kiristan Da Ya Tsufa Yana Yi Wa Hausa Aiki

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutun boko ya ji sunan Schön, amma yawancinmu iyakar saninmu da shi shekarun da aka buga littattafansa, mu haddace don jarrabawa, mu manta. Ni a ganina mutumin ya fi ƙarfin haka. Ya yi shekara 85 da ɗoriya a duniya, kusan 50 daga cikinsu yana fama da harshenmu, alhali kuwa bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba.

An haifi James Frederick Schön (ana faɗinsa Shon) cikin 1803 a yankin Baden ta ƙasar Jamus. Ya yi karatun addini a Basel, ya ƙarasa a Landan, aka naɗa shi limamin cocin Ingila, ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta tura shi Saliyo cikin 1832. A lokacin nan Saliyo matattarar bayi ce waɗanda jiragen Ingila suka ƙwato a teku, cikinsu har da Hausawa. Daga bakinsu ya fara tsintar Hausa.

Zaman Saliyo ya yi masa tsada ƙwarai. Matarsa ta fari, 'yar wani ɗan mishan ce, mahaifiyarta baƙar fata, ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya. Ya sake aure, wannan ma ba ta daɗe ba ta bi ta. Sai a aure na uku Allah Ya ba shi abokiyar zama mai tsawon kwana. Wani ne da tuni ya tattara komatsansa ya koma gida. Shi kuwa cikin 1841 ma sai ya shiga tawagar jiragen ruwa uku da gwamnatin Ingila ta aika su hau kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop. Tafiyar ba ta yi kyau ba, zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40, jirgin da ya fi nisa ya tsaya a Eggan ta ƙasar Nupe ya juyo. Amma Schön ya komo da abu guda a ransa: ya ga yadda fatake suke ciniki da Hausa a bakin kogin, ya tabbata wannan harshe shi ne mabuɗin ƙasashen ciki. Cikin 1843 ya buga ɗan littafinsa na farko na kalmomin Hausa da nahawu.

Rashin lafiya ya kore shi daga Afirka cikin 1847. Ya zauna a Chatham ta Ingila, ya zama limamin asibitin sojan ruwa, ya yi fiye da shekara 30 a wannan aiki, yana renon 'ya'yansa, yana duba majinyata. To, a nan ne labarin ya taɓo mu.

Cikin Mayu 1853 Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Sakkwato ya nufi Gwandu, ya ratso ƙasarmu ta Boɗinga da Shagari. Cikin ayarinsa akwai yara biyu 'yantattun bayi, Abbega mutumin Margi, da Dorugu, Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram. Nakan yi tunanin yaron nan yana tafe bayan raƙuma ta gefen Sifawa, inda Shehu ya zauna daga 1810 zuwa 1815, ba wanda ya kula da shi, shi kansa bai san bakinsa ne za a rubuta ba. Barth ya tafi da su Turai cikin 1855. Da Schön ya ji labarinsu sai ya ɗauke su zuwa gidansa, abin da ya ɓata wa Barth rai ba kaɗan ba, don shi ya so a mai da su gida. Abbega ya komo cikin 1857, har daga baya ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa sai da ya yi wajen shekara 8 cikin iyalin Schön.

Ɗan'uwa mai karatu, ka lura da wannan gida. Tsoho Bajamushe da alƙalami, saurayi Bahaushe yana ta zuba, yau tatsuniya, gobe labarin yadda aka kama shi bauta, jibi abin da ya gani a Timbuktu da Landan. Daga wannan zama aka sami nahawun 1862, da ƙamus na 1876 wanda ya jawo wa Schön lambar Volney ta Faransa cikin 1877, da Magana Hausa na 1885. Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa cikin 1884. Sunan mutum ɗaya ne a bangon littattafan, amma Hausar da ke ciki, mai daɗin nan, ta Dorugu ce. Schön bai ɓoye wannan ba, ya kawo tarihin yaron da sunansa, wannan kuwa abin yabo ne a zamanin da ba a cika ambaton mai ba da labari ba. Duk da haka lambobin yabon ba a raba su biyu ba.

Kada kuma mu ruɗi kanmu game da niyyarsa. Bishara ya sa a gaba tun farko har ƙarshe. Ya fassara Linjilar Matiyu cikin 1857, ya yi ta bi littafi littafi har Sabon Alkawari ya fito cikakke cikin 1880, yana ɗan shekara 77. Fassarar ba ta sami masu karatu sosai a ƙasar Hausa ba, waɗanda suka biyo baya suka sake sabon aiki, har Littafi Mai Tsarki ya fito duka cikin 1932. Kunnensa kuma bai rarrabe ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k ba, don haka kafa da ƙafa duk ɗaya ne a rubutunsa. Wanda kuwa ya ce Schön ne ya fara rubuta Hausa ya yi kuskure babba. Tun kafin ya ji kalmar Hausa guda malamanmu suna rubuta waƙoƙi da ajami, Nana Asma'u ma tana raye tana rubutu a Sakkwato lokacin da yake nasa a Chatham. Abin da ya fara shi ne tsara nahawu da ƙamus cikin haruffan Rumawa, da kuma rubuta maganar talaka yadda ta fito daga bakinsa, abin da malaman ajami ba su mai da hankali a kai ba.

Schön ya rasu ran 30 ga Maris 1889. Dorugu, wanda ya komo Afirka cikin 1864, ya yi aikin tafinta shekara da shekaru, a ƙarshe ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano, ya rasu a can cikin 1912. Cikin 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka buga labarinsa da Turanci.