Daga Dandalin Eagle zuwa Rotterdam: yadda cire tallafin mai ya juya kasuwar makamashi

Tambayar da 'yan uwanmu na Mile 12 da Sabon Ibadan da kasuwar shanu ta Lokpanta suka fi aiko min nan Abuja ita ce: me ya haɗa kuɗin motar tumatir da albasa da farashin ganga a kasuwar duniya? Na tattara bayanin a wuri guda don mai bukata ya riƙa dawowa yana dubawa.

Mu fara da ranar Litinin 29 ga Mayu, 2023. A Dandalin Eagle da ke nan Abuja, Bola Ahmed Tinubu ya sha rantsuwa, kuma a cikin jawabinsa ya ce tallafin man fetur ya tafi. Kafin dare layuka sun dawo gidajen mai. Kwana biyu bayan haka kamfanin NNPC ya sauya farashi: litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja, 488 a Legas. A watan Yuli ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 kuma ta haura naira dubu.

Tallafin nan ba kuɗi ba ne da ake miƙa wa talaka a hannu. Najeriya na haƙo ɗanyen mai, amma matatunta na Fatakwal da Warri da Kaduna sun daɗe ba sa aiki yadda ya kamata, don haka sai a sayo tataccen fetur daga waje da dala, a sayar a gida ƙasa da yadda aka sayo, gwamnati ta ɗauki giɓin. A 2022 kaɗai giɓin ya haura naira tiriliyan 4. A gaskiya ma gwamnatin Buhari ce ta share hanyar: dokar masana'antar mai ta 2021 ta tanadi sakin farashi, kasafin 2023 kuma bai ware kuɗin tallafi ba sai zuwa ƙarshen Yuni. Tinubu ya zo ya yanke igiyar ne kawai, ba tare da ya shimfiɗa abin da za a faɗa a kai ba, a ganina.

Mataki na biyu mutane ba su cika ambatonsa ba, alhali ya fi na farko cizo. A ranar 14 ga Yuni, 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar naira ta nemi farashinta. Dalar da gwamnati ke bayarwa kusan naira 460 ta tashi zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, a farkon 2024 ta wuce 1,500. To ka ga, man da ake sayowa da dala, an cire masa tallafi, sannan dalar ta ninka har sau uku. Daga nan farashin lita ya rataya a kan abu biyu: kuɗin gangar ɗanyen mai a duniya, da kuɗin dala a gida.

Waɗanda suka fara jin zafi a waje maƙwabta ne. Shekara da shekaru fetur ɗinmu mai araha na tsallaka iyaka ta fasa-ƙwauri, ta Seme zuwa Kwatano, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ta Adamawa zuwa arewacin Kamaru. A Benin man kwalba na bakin titi, wanda suke kira kpayo, shi ne akasarin masu babura ke sha, kuma farashinsa ya kusa ninkawa cikin 'yan kwanaki. Hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar ta ce man da ake fitarwa kullum ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na ragin mutanenmu ne da suka ajiye motoci, wannan kowa ya gani a titunan Abuja. Wani ɓangaren kuma man da dama can ba mu muke sha ba.

Nijar ta ɗan ɗauki lokaci kafin abin ya bayyana. Tana da matatar Soraz kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, wadda ta wadatar muddin man Najeriya na cike giɓi ta bayan fage. Da wannan hanya ta tsuke, bukata ta koma kan gidajen mai na hukuma, a watan Maris na 2025 aka yi dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa, har Nijar ta nemi ɗauki daga Abuja, duk da tsamin dangantaka tun juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023.

Sai Turai. Da yawa ba su san cewa fetur ɗin da muka sha shekaru yana zuwa ne daga tashoshin Amsterdam da Rotterdam a Holan da Antwerp a Beljiyam ba. Matatun Turai na tace fetur fiye da bukatarsu, kuma Afirka ta Yamma, Najeriya a gaba, na cikin manyan wuraren da suke sauke rarar. Raguwar sha bayan cire tallafi ita ce naushin farko. Na biyu ya fito daga Lekki.

Matatar Ɗangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, Buhari ne ya ƙaddamar da ita ranar 22 ga Mayu, 2023, mako guda kafin ya sauka. Ta fara fitar da man dizal da na jirgin sama a farkon 2024, fetur kuma a Satumban shekarar. Ba aikin sabuwar gwamnati ba ce, amma manufar sabuwar gwamnati ce ta ba ta kasuwa, domin babu ɗan kasuwar da zai iya gogayya da man da ake sayarwa ƙasa da kuɗinsa. Daga 1 ga Oktoba, 2024 gwamnati ta fara tsarin sayar mata ɗanyen mai da naira. Abin bai wadatar ba, saboda NNPC ya riga ya jinginar da wani kaso na gangunansa kan basussuka, sai matatar ta koma sayo ɗanyen mai daga Amurka. Abin mamaki, a Fabrairu da Maris na 2025 ɗanyen man da Amurka ta turo Najeriya ya fi wanda ta saya daga wurinmu, karon farko a tarihi. A ɗaya ɓangaren, man jirgin sama daga Lekki ya isa Saudiyya da Amurka, fetur ya fara tafiya Kamaru a fili, da takarda, ba cikin jarkoki ba.

Yadda shawarar Abuja ta taɓa wasu, haka shawarar wasu ke taɓa mu, kuma yanzu babu katanga a tsakani. Donald Trump ya dawo mulki ranar 20 ga Janairu, 2025 da alƙawarin ƙara haƙo mai a Amurka. Ranar 2 ga Afrilu ya ƙaƙaba haraji kan kayan ƙasashen duniya. Na Najeriya kashi 14 cikin ɗari, daga baya ya koma 15. An keɓe ɗanyen mai da iskar gas daga harajin, kuma su ne kusan duk abin da muke sayar musu. Amma tsoron durƙushewar ciniki, haɗe da shawarar ƙasashen OPEC da ƙawayenta ta ƙara haƙowa a makon nan, ya faɗo da gangar Brent daga kusan dala 75 zuwa kusan 60. Kasafin Najeriya na 2025 kuwa an gina shi ne kan dala 75 da ganga miliyan 2.06 a rana, adadin da ba mu kai ba.

Nan ne lissafin ke rikita mutane. Idan ganga ta faɗi, mai tuƙi na samun sauƙi a gidan mai, amma dalar da ke shigowa baitulmali ta ragu, naira ta shiga matsi, sauƙin ya iya zubewa ta wannan ƙofar. Idan ganga ta tashi, kason da ake raba wa jihohi duk wata a Abuja ya ƙaru, lita kuma ta yi tsada.

Wani gyara ga 'yan uwa masu lodi daga Arewa: tirela da manyan motocin shanu dizal suke sha, wanda direbobi ke kira gas, kuma shi an daɗe da cire masa tallafi tun kafin Tinubu. Abin da ya hau da kuɗin tirela daga Kano zuwa Legas faɗuwar naira ce, ta hanyar dizal da taya da kayan gyara, sai kuɗin shingaye na kan hanya, wanda wannan wani babi ne daban. Cire tallafin fetur ya fi cin ƙaramar motar da ke kwaso kaya daga gona, da mai keke Napep, da ɗan acaɓa, da injin ban-ruwa na mai noman rani a Kadawa, wanda tun daga can tumatir ɗin ya fara tsada kafin ya hau mota.

Don haka idan direba ya ce maka kuɗin lodi ya ƙaru saboda mai, duba farashin dizal da na dala na makon kafin ku yi ciniki. Ni dai lambobi uku nake bi duk safiya: farashin Brent, canjin dala, da farashin da matatar Ɗangote ta sa a bakin ƙofarta, wanda daga shi sauran dillalai ke ɗora nasu.