Yadda Harajin Gado Ya Kai Zakuna Karkarar Ingila

A ƙarshen mako, in rana ta leƙo a Ingila, iyalai kan cika mota da yara da guzuri su nufi karkara. Su biya kuɗin ƙofa, su shiga gidajen masu sarauta, su yi ta kallon gadajen da sarakuna suka kwana a kai. A da, talaka bai cika taka irin waɗannan gidaje ba sai in shi bara ne ko mai kula da lambu. Abin da ya buɗe masa ƙofa kuwa, haraji ne.

Gidan Longleat da ke gundumar Wiltshire shi ne ya fara nuna hanya. Sir John Thynne ya sayi filin a 1540, gobara ta cinye ginin farko a 1567, ya sake ɗora wani da aka kammala wajajen 1580, kuma zuriyarsa ke zaune a ciki har yau, suna riƙe da sarautar Makwis na Bath. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Harajin gado ya yi ta hauhawa har ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi. Magada da yawa suka sayar da zane-zane da gonaki, wasu suka rushe gidajen ɗungurungum domin ba su da kuɗin gyaran rufi.

Henry Thynne, Makwis na shida, ya gaji mahaifinsa a 1946 tare da bashin haraji mai nauyi. A 1949 ya buɗe gidan ga duk mai sule biyu da sisi, kuɗin da dattawanmu ba su manta ba, tun da mu ma da shi muke ciniki kafin naira ta zo a 1973. Wasu takwarorinsa sun ga abin a matsayin zubar da girma. Amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. A 1955 Duke na Bedford ya bi sahu ya buɗe nasa gidan, Woburn Abbey.

Sai dai yara ba sa daɗewa a gaban tsofaffin kujeru. Nan Jimmy Chipperfield ya shigo, ɗan gidan masu wasa da namun daji, da shawarar da ta juya tsarin gidan zu: a saki zakuna a fili mai shinge, mutane su zama su ne a kulle cikin motocinsu. Maƙwabta suka tayar da jijiyar wuya, jaridu suka yi ta suka, kowa na hango zaki a bakin ƙofarsa. Makwis bai saurare su ba. A 1966 aka buɗe dajin a Longleat da zakuna 50, shi ne irinsa na farko a wajen Afirka, motoci suka yi dogon layi a ƴan siraran hanyoyin ƙauye. Woburn ta buɗe nata a 1970.

A ganina, Makwis ɗin ya fi masu sukarsa hangen nesa, ko da yake zaki kwance a kan ciyawa cikin yayyafin Ingila ba abin da zai burge wanda ya san Yankari ba ne. Abin ban dariya ma, yau birai sun fi zakunan suna a wurin. Da mota ta shiga sashensu sai su ɗare bisa, wannan ya ja waifa, wancan ya ɓamɓare robar gilashi, yara na ihun murna a baya, maigida na lissafin kuɗin bakanike. An tanadi hanyar kewayewa ga mai tausayin motarsa.

Game da iyalan gidan kuwa, Makwis na bakwai, Alexander, ya rasu a 2020 da cutar korona, ɗansa Ceawlin ya hau. Matar Ceawlin, Emma, wadda ya aura a 2013, ɗiyar attajirin man fetur ce ɗan Najeriya, Oladipo Jadesimi, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta riƙe matsayin matar Makwis a tarihin Birtaniya.