Taswirar Ƙirar Jita a Yanayin Gwiwa: Abin da Takarda ke Faɗa da Abin da Gurmi ya Riga ya Sani

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki taswirorin da ake bugawa don ƙera jita, mai tsirkiyar roba da mai tsirkiyar ƙarfe, ta auna su da yanayi da itatuwan Gwiwa da kewayenta a ƙasar Kazaure, sannan ta kwatanta su da yadda ake haɗa gurmi da garaya. Ta nuna cewa lambobin taswira iri biyu ne. Akwai na lissafi, waɗanda ba sa canjawa ko'ina aka je. Akwai kuma waɗanda suka dogara da itace da danshin iskar ƙasar da aka zana su, waɗanda tilas ne a sake duba su kafin a ɗora zarto a kan katako a nan.

1.0 Gabatarwa

Gwiwa tana cikin masarautar Kazaure tare da Roni da 'Yankwashi, tana kuma iyaka da Jihar Katsina. Kayan kiɗa masu tsirkiya ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa: garaya ta mafarauta da 'yan bori, da gurmi, da molo, da goge, da kukuma, da kuntigi. A Jihar Jigawa kanta an yi Haruna Uji na Haɗeja, wanda gurminsa ya zaga Arewa. David Ames da Anthony King sun tattara sunaye da siffofin waɗannan kaya a littafinsu na 1971 kan kiɗan Hausa, Eric Charry kuma ya rarraba dangoginsu na Afirka ta Yamma a 1996 bisa siffar jiki da ta jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a kan fuskar kayan kiɗan. Dukkansu bayani ne na mai kallo. Ba a rubuta su don mai sassaƙa ya ɗauka ya yi aiki da su ba.

Jita ta sha bamban. Yau duk mai waya zai iya sauko da taswirarta mai cikakken girma, da kaurin kowane katako har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tambayar wannan nazari ita ce: kafinta a Gwiwa ko Roni ya samu irin wannan takarda, wace lamba zai bi ido rufe, wacce kuma za ta yaudare shi? Hanyar da aka bi ita ce kwatanci da lissafi daga alƙaluman da aka sani na jita da na halayyar itace.

2.0 Asalin taswirorin

Jitar da ake kira ta gargajiyar Turai, mai tsirkiyar roba shida, ta samu siffarta ta yau ne a hannun Antonio de Torres (1817–1892), mutumin Almeriya a Sifaniya. Ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin fuskarta, ya tallafe ta daga ciki da siraran haƙarƙari, galibi bakwai, masu bazuwa daga wajen ramin sauti zuwa gindi. Tsawon tsirkiya na milimita 650 da ya yawaita amfani da shi ya zama abin bi. A 1862 ya ƙera wata jita da bayanta da gefunanta na kwali ne, tana gidan tarihin kiɗa na Basalona har yanzu, ana kuma ɗaukarta a matsayin hujjar cewa murya daga fuska take fitowa. Hermann Hauser na Jamus ya bi sawunsa. Jitar da ya yi a 1937, wadda Andrés Segovia ya daɗe yana kaɗawa, tana gidan tarihi na Metropolitan a New York, kuma tana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo.

Ta tsirkiyar ƙarfe kuwa 'yar Amurka ce. Kamfanin Martin ya yi fice da haƙarƙari biyu masu gicciye tun wajen shekarun 1840, ya fitar da babbar ƙirarsa ta Dreadnought a 1916 don kamfanin Ditson, sannan da sunansa a 1931. Gicciyen ya dace da ƙarfe saboda nauyin ja: tsirkiyoyin roba shida suna jan jaki da kimanin kilo 40, na ƙarfe kuwa sukan haura kilo 70.

Abin lura shi ne, yawancin shahararrun taswirorin an zana su ne daga baya. Wani ya samu tsohuwar jita, ya zura madubi da fitila ta raminta, ya auna, ya zana. Haka José Romanillos ya yi a littafinsa na 1987 kan Torres, haka Roy Courtnall a nasa na 1993. Don haka taswira rahoto ce a kan abin da wani gwani ya yi da wani katako guda a wata shekara. Da katakon ya fi haka tauri ko laushi, da wata lambar ya bari.

3.0 Lambobin da ba a taɓawa

A wuyan jita akwai siraran ƙarafa da aka dasa a gicciye, kowanne mataki ɗaya na sauti. Wurinsu lissafi ne tsantsa. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a samu tazarar ƙarfe na farko, a cire ta, a sake raba abin da ya rage da wannan lamba, har a ƙare. A tsawon milimita 650, ƙarfe na farko yana kan 36.5 daga ƙashin sama, inda tsirkiya ke hawa a saman wuya, na biyar kan 163, na bakwai kan 216.2, na sha biyu kuma daidai rabi, 325. Ana ƙara wajen milimita 2 a baya inda tsirkiya ke hawa ƙashin jaki, domin danna ta da yatsa yana ƙara mata tsauri kaɗan. Wannan lissafi ɗaya ne a Almeriya da Gwiwa.

Kuskuren milimita 2 a ƙarfe na sha biyu yana karkatar da sauti da kusan kashi ɗaya cikin goma na mataki, kuma kunnen makaɗi ba ya rasa wannan. A nan ne shagon buga takardu ke shigowa. Taswira mai cikakken girma ta fi ƙarfin ƙaramar na'ura, sai a buga ta gunduwa-gunduwa a liƙa da gam. Idan na'ura ta rage girman duka daidai wa daida, sautin ba zai ɓaci ba, jitar ce kawai za ta ɗan ƙanƙance. Ɓarnar tana wajen haɗi: takarda ta hau takarda da milimita ɗaya a nan, ɗaya a can, ga ta kuma tana miƙewa da damina. Saboda haka wurin ƙarafa daga jadawalin lambobi ake ɗaukarsa da rula ta ƙarfe, a bar wa zane siffar jiki kawai.

4.0 Lambobin da hunturu ke ƙaryatawa

Masu ƙera jita a Turai da Amurka suna haɗa sassanta ne a ɗakin da danshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Ba kasafai ake rubuta wannan a jikin taswira ba, domin a wurinsu abu ne sananne. A arewacin Jigawa kuwa, danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, ya haura 70 a watan Agusta. Kowane kafinta a yankin ya san ƙofar da ke cijewa da damina ta saki da rani; fuskar jita ita ma haka take yi, sai dai kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 2.5 ba, an kuma liƙe ta ta kowane gefe.

Ga lissafin. Faɗin gindin jita yana wajen milimita 365. Katakon dangin Picea da ake yin fuska da shi yana riƙe ruwa kimanin kashi 9 cikin 100 na nauyinsa a danshin 50, ya sauka zuwa wajen 3.5 a danshin 15. Wannan sauka tana tsuke faɗin fuskar da kusan milimita 3. Haƙarƙarin da ke gicciye ba sa tsukewa tare da ita, domin itace ba ya raguwa ta tsawonsa sai ɗan abin da ba a lissafawa. Sai fuska ta lotsa, tsirkiya ta sauko tana dukan ƙarafa, bakin ƙarafan ya fito yana yankar yatsa, daga ƙarshe a ji ƙarar tsagewa a bayan jaki.

Daga nan ake samun ƙa'idar da ba ta cikin kowace taswira: itace yana jure kumbura fiye da tsukewa. Jitar da aka haɗa da damina a Gwiwa tana cikin haɗarin tsagewa kafin Fabrairu. Wadda aka haɗa a tsakiyar hunturu za ta kumbura sosai a Agusta, tsirkiya ta yi nisa da wuya, amma ta fi yiwuwa ta rayu. A ganina lokacin liƙa haƙarƙari da rufe ciki shi ne bayan kaka, iska ta bushe amma hunturu bai kai maƙura ba, a kuma ba fuskar ɗan doro maimakon a bar ta shimfiɗe, don ta samu wurin motsi. Ƙashin jaki ma gara a yanka biyu, dogo na rani da gajere na damina.

5.0 Itace

Taswira tana kiran itatuwan da ba sa tsiro a nan, wasu ma doka ta hau kansu. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa Dalbergia nigra na Barazil a rukunin farko a 1992, sauran danginsa suka shiga rukuni na biyu a 2017. Amma Afirka ta daɗe cikin jita: dangin maɗaci, wato Khaya, ana yin wuya da baya da su a manyan masana'antu, kamfanin Taylor kuma ya shiga mallakar wata masana'antar yankan baƙin katako a Yawunde ta Kamaru a 2011. Maɗaci zai yi wuya da baya da gefe. Kanya, 'yar'uwar wancan baƙin katako ce a dangin Diospyros, tana da taurin da allon yatsu ke so, haka ma ƙirya. Maɗobiya kyakkyawa ce, amma saran da aka yi mata don fitarwa waje ya sa ta shiga rukuni na biyu na CITES a 2017, don haka ba abin ƙarfafa wa gwiwa ba ce.

Matsalar fuska ce. Ana son katako marar nauyi amma mai ƙin lanƙwasa, itatuwan yankinmu kuwa galibi masu nauyi ne. Wanda ya yi fuska da maɗaci ya bi kaurin taswirar Hauser, zai samu jita mai kyan gani da shaƙaƙƙiyar murya. Dole ya rage kauri yana lanƙwasawa a hannu yana ƙwanƙwasawa, wato ya koma ga abin da Torres da kansa ya yi. Akwai kuma batun yanka. Katakon kasuwa a kwance ake tsaga shi don a samu faɗi, na jita kuwa daga ɓawo zuwa zuciya ake tsaga shi, domin motsinsa da danshi kusan rabin na wancan ne.

6.0 Gurmi da garaya

A jita takarda ce ke gaba, itace ya biyo. A gurmi ƙoƙo ne ke gaba. Duma ba ya fitar da 'ya'ya biyu masu girma ɗaya, don haka mai haɗawa yana duban ƙoƙon da ya samu, ya zaɓi sandar da ta dace da shi, yana awo da taƙi da yatsu. A garaya da molo masassaƙi ne ke fafe jikin da gizago daga gungume ɗaya, babu haɗi balle gam. Ana jiƙa fata a ɗaura, ta bushe ta ɗame da kanta. Tsirkiya, wadda a yau sau da yawa zaren roba na masunta ne, ana ɗaure ta a sanda da siririn zoben fata da ake turawa sama ko ƙasa don saita murya. Jakin ma ba a liƙe yake ba.

Duk abin da hunturu ke karyawa a jita, a nan an bar shi a sake. Fata ta saki da damina, a shanya ta a rana ko a kara ta kusa da wuta. Ta yage, a sake wata. Rashin ƙarafa a wuya kuma yana barin yatsa ya bi muryar mawaƙi da hawa da saukar harshe yadda yake so. Masu ganin wannan a matsayin ƙarancin fasaha sun duba ta gefe ɗaya ne: ƙira ce da ta yi la'akari da ƙasar da danshinta ke lilo tsakanin 15 da 80. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, ya kuma zaga duniya da shi. A Nijar, Mdou Moctar ya fara ne da jitar da ya haɗa da kansa da wayoyin keke, kafin ya riƙe ta kamfani.

Wannan ba ya nufin gurmi ba ya bukatar rubutu. Idan mai haɗawa ya rasu ba magaji, awon yana tafiya da shi, kuma makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure tana kusa da inda za a iya yin aikin. Sai dai kwaikwayon taswirar jita kai tsaye zai ɓata shi, domin zai mai da girman ƙoƙo ɗaya doka. Abin rubutawa shi ne dangantaka: tsawon tsirkiya sau nawa ne faɗin bakin ƙoƙo, jaki yana zama a kashi nawa na faɗin fata, tazarar sauti tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta, irin fatar da sashen jikin dabbar da aka yanko ta. Kowane awo kuma a rubuta watan da aka ɗauke shi, domin tsayin tsirkiya a kan sanda a gurmi guda zai bambanta tsakanin Janairu da Agusta.